Dinarin Kaisar da Masu Tara Tsofaffin Kuɗin Romawa

Karatu: Matta 22:15-22, Markus 12:41-44, Matta 17:24-27.

'Yan'uwa, ran da Farisawa suka haɗa kai da mutanen Hirudus domin su kama Ubangijinmu da maganar bakinsa a kan zancen haraji, bai ba su amsa nan da nan ba. Sai da ya sa aka kawo masa irin kuɗin da a ke biyan harajin da shi. Suka miƙa masa dinari, shi kuwa ya sa su faɗi da bakinsu fuskar wa aka buga a jikinsa, da sunan wa. Yawancinmu ba mu taɓa ganin dinari ba, shi ya sa mu kan wuce wurin nan da sauri mu tafi ga amsar. Amma irin kuɗin nan bai ƙare a duniya ba. Dubbai suna nan a gidajen ajiye kayan tarihi, waɗansu kuma suna hannun mutanen da suka mai da tara kuɗin Romawa abin sha'awarsu a lokacin hutu. Daga cikin 'yan'uwanmu da su ke zuwa ziyara Urushalima ma, akwai masu komowa da ɗan tsohon kwabo a cikin kwali, an ce musu aninin gwauruwa ne. To, ya kamata mu san abin da kuɗin nan ke iya shaida mana, mu kuma san inda shaidarsu ta tsaya.

Dinari da ƙannensa

Romawa suka fara buga dinari wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Kristi, sa'ad da su ke yaƙi da Hannibal na Kartaji. Na azurfa ne. Wannan ya kan rikita mai jin Hausa, gama in an ce dinari, zinariya ce ke faɗo mana a rai. Dalili kuwa shi ne Larabawa sun ari sunan daga Romawa suka sa wa kuɗinsu na zinariya. Tsofaffinmu kuma za su tuna a zamanin sule da kwabo a kan rubuta 1d ko 6d a jikin kan sarki. Harafin nan "d" na dinari ne, ya bi ta hannun Turawan Ingila har ya iso kasuwanninmu.

A zamanin Augustas Kaisar, wanda aka haifi Yesu a cikin mulkinsa, nauyin dinari ya kusa giram 4, faɗinsa bai fi farcen babban yatsa da yawa ba, azurfarsa kuwa kusan tsantsa ce. Dinari 25 su ne kuɗin zinariya guda. A ƙarƙashinsa akwai kuɗin tagulla da na jan ƙarfe: "as" 16 ke yin dinari, "kwadaran" 4 kuma ke yin as, watau kwadaran 64 ke nan a cikin dinari ɗaya.

Wanda ya riƙe lissafin nan zai ga wurare da yawa a cikin Bishara sun buɗe masa. A Matta 20 dinari shi ne ladan yini na ɗan ƙodago a gonar inabi. Ashe Basamariyen nan na Luka 10 ladan kwana biyu ya bar wa mai masauki saboda mutumin da bai sani ba. Man ƙanshin da aka zuba wa Yesu a Baitanya an yi masa kuɗi dinari 300 (Yohanna 12:5), alhali sojan Roma na zamanin 225 a ke biyansa a shekara. Kada mu yi mamakin gunagunin da aka yi a ɗakin. Ku dubi kuma cinikin gwarare. Matta 10:29 ya ce biyu a kan as ɗaya, Luka 12:6 kuwa ya ce biyar a kan as biyu. Duk wanda ya taɓa sayen tumatir a kasuwa ya san inda ta biyar ta fito: gyara ce. Ita wannan da mai sayarwa bai ƙidaya ta a ciniki ba, tana cikin waɗanda Yesu ya ce Allah bai manta da su ba.

Fuska da rubutu

A dā can Romawa ba su buga fuskar mutum mai rai a kuɗin birninsu ba, sai ta allolinsu da ta kakanni. Yuliyas Kaisar ya karya al'adar a farkon shekara ta 44 kafin haihuwar Kristi, watan Maris na shekarar nan kuwa aka kashe shi. Amma sarakunan da suka biyo baya ba su bar abin ba. Babu jarida a lokacin, babu rediyo. Manomin Galili wanda ba zai taɓa taka Roma ba, a jikin kuɗi ya ke ganin kamannin mai mulkinsa, a nan kuma ya ke jin kirarin da sarkin ya ke yi wa kansa.

Tibariyas ne ke sarauta sa'ad da Yesu ya ke wa'azi (Luka 3:1), daga shekara ta 14 zuwa ta 37. Dinarinsa da aka fi sani an buga shi a Lugdunum, garin da a ke kira Liyon yanzu a ƙasar Faransa. A fuska akwai kan sarki da rawanin ganye, kewaye da shi an rubuta da Latinanci a taƙaice: TI CAESAR DIVI AVG F AVGVSTVS. Ma'anarsa, Tibariyas Kaisar Augustas, ɗan Augustas wanda aka ɗaukaka ya zama allah. A baya ga mace zaune bisa kujera, da sanda a hannu ɗaya, reshe a ɗayan. Masana da yawa suna ɗaukarta Libiya ce, uwar sarki, a siffar allahiyar salama. Rubutun da ke wurin shi ne PONTIF MAXIM, watau babban firist.

Ku tsaya a nan kaɗan. Ɗan guntun azurfan nan yana kiran Kaisar ɗan allah a gefe guda, babban firist a ɗaya gefen, aka kuwa ɗora shi a gaban wanda mu ke shaida shi ne Ɗan Allah da Babban Firist namu. Ga Bayahude mai kishin Attaura, hoton kaɗai ya isa abin ƙyama saboda Fitowa 20:4. Duk da haka ba a sha wuyar samun dinarin ba, a filin Haikali kuwa a ke maganar, daga wajen masu tambayar kuma ya fito. Tun kafin Yesu ya yanke zancen an riga an ga suna cin moriyar kuɗin Kaisar. Da ya ce a mayar wa Kaisar kayansa, a kuma ba Allah hakkinsa, bai bar su da wurin tsayawa ba. Tartuliyan na Kartaji, malamin ekklisiya ɗan Afirka wanda ya yi rubutu wajen shekara ta 200, ya haɗa wurin nan da Farawa 1:27. Ya ce kuɗi na ɗauke da siffar Kaisar, saboda haka na Kaisar ne, mutum kuwa siffar Allah ya ke ɗauke da ita. Agustin na Hippo ya bi wannan fassara a cikin wa'azinsa.

Sai dai fa a kula. Masu sayarwa suna kiran dinarin Tibariyas "kuɗin haraji", suna kuma tsawwala masa kuɗi saboda sunan. Bishara ba ta faɗi wane Kaisar ne a jikin wanda aka miƙa ba. Dinarin Augustas mai hoton jikokinsa biyu, Gayus da Lukiyas, yana yawo da yawa a zamanin, masu haƙa kuwa ba su cika samun na Tibariyas a Urushalima ba. Wannan bai rage kome daga darasin ba, tun da shi ke Augustas ma ya kira kansa ɗan allah a nasa kuɗin. Amma mai gaskiya zai ce "irin wannan ne", ba zai ce "wannan ne" ba.

Kuɗin da ke yawo a Yahudiya

Gwamnonin da Roma ta aika Yahudiya sun buga ƙananan kuɗi na tagulla domin cefane, ba su kuwa sa fuskar sarki ba saboda gudun tarzoma. Buntus Bilatus, wanda ya yi gwamna daga shekara ta 26 zuwa ta 36, ya buga nasa a shekara ta 16 da ta 17 da ta 18 ta sarautar Tibariyas, watau 29 da 30 da 31. A kan na farko ya sa ludayin da firistocin Roma su ke tsiyaye hadaya da shi, a kan sauran kuma lanƙwasasshiyar sandar masu duba. Kayan tsafin Romawa ke nan a aljihun kowane Bayahude, abin kuwa ya yi daidai da halin mutumin da Luka 13:1 ya nuna mana. Sunan Bilatus ba ya jikin kuɗin, na Kaisar ne a kai, da Helenanci. An sami sunansa sassaƙe a dutse a Kaisariya cikin 1961.

Abin da gwauruwa ta zuba a baitulmali shi ne mafi ƙanƙanta duka, "lefta" biyu, wanda masu juya Littafi zuwa Hausa suka kira anini, sun kuwa dace, gama anini goma ke yin kwabo a dā. Markus da kansa ya bayyana wa masu karatunsa cewa lefta biyu kwadaran ɗaya ne. In yinin aiki sa'a 12 ne, ladansa dinari, to, baikon matar nan ladan aikin minti 11 ne da 'yan kai. Abin da a ke sayarwa yau da sunan aninin gwauruwa yawanci kuɗin sarkin Yahudawa ne Iskandar Yannayus, wanda ya yi mulki daga 103 zuwa 76 kafin haihuwar Kristi, da anka ta jirgin ruwa a gefe guda, tauraro a ɗayan. An buga su da yawan gaske, sun kuma daɗe suna yawo har zamanin Yesu, shi ya sa ba su da tsada.

Kuɗin Haikali dabam ne. Kowane namiji Bayahude ya kan biya rabin shekel a shekara bisa ga Fitowa 30:13, firistoci kuwa shekel na birnin Taya su ke karɓa saboda kyaun azurfarsa. Nauyinsa wajen giram 14 ne, darajarsa dinari 4. Abin mamaki, kan Melkart allahn Taya ne a fuskarsa, gaggafa a bayansa. Da alama nauyin azurfa ya rinjayi ƙyamar hoto. Nan ne 'yan canji suka sami abin yi a Haikali, wannan kuma ya bayyana dalilin da kuɗi guda na bakin kifi ya biya wa mutum biyu, Yesu da Bitrus. Masana da yawa suna ganin azurfa talatin na Yahuda irin shekel ɗin nan ne. In haka ne, dinari 120 ke nan, ladan wata huɗu.

Bayan da Titus ya rushe Urushalima a shekara ta 70, ubansa Basbasiyan ya buga kuɗi masu rubutun IVDAEA CAPTA, watau an ci Yahudiya, da hoton mace zaune tana makoki a gindin dabino. Ya kuma sa Yahudawa su riƙa biyan dinari 2 a shekara ga haikalin Jufita a Roma, maimakon rabin shekel na Haikalinsu. Mai karanta Luka 19:41-44 da hoton kuɗin nan a gabansa ba ya bukatar dogon bayani.

Masu tarawa

Sha'awar tara tsofaffin kuɗi ta daɗe. Marubucin tarihi Suwetoniyas ya ce Augustas da kansa ya kan yi kyautar tsofaffin kuɗi da na ƙasashen waje a lokacin biki. Fetrak, malamin Italiya (1304-1374), manoman inabi su kan kawo masa waɗanda suka tono a gona ya faɗa musu ko na wane sarki ne. Wanda ya mai da abin ilmi mai tsari kuwa wani firist ne na birnin Biyana, Yusufu Ekel (1737-1798). A 1923 Harold Mattingly da Edward Sydenham suka fara fitar da manyan kundayen nan na kuɗin sarakunan Roma waɗanda masu tarawa su ke kira RIC a taƙaice, yanzu kuma ana iya duba jerin a intanet kyauta, tare da hotuna.

Me mutum ya ke samu a ciki? Wanda ya jera kuɗi bi da bi bisa ga shekaru ya kan ga tarihi da idonsa. A shekara ta 64 Niro ya rage nauyin dinari, ya kuma gauraya shi da jan ƙarfe. A 215 Karakalla ya fito da sabon kuɗi wanda a ke lissafta shi dinari biyu, alhali azurfar da ke cikinsa ta ɗaya da rabi ce. Kafin Galiyenas ya mutu a 268 azurfar ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, sai ɗan shafe a bisa tagulla. Kaya suka yi ta tashi har Diyokiletiyan ya yanka wa kome farashi da doka a 301, dokar kuwa ba ta yi aiki ba. Mu da muka ga kwabo da sule sun fita daga kasuwa ba sai an yi mana fassara ba. Haka kuma kuɗin Kostantin su kan gyara wa mutum tunani. Ana cewa ya karkata ga Kristi a 312, amma ya yi shekaru bayan haka yana buga kuɗi masu yabon allahn rana. Fuskar Kristi kuwa ba ta zama babban hoton kuɗin yau da kullum ba sai a zamanin Yustiniyan na Biyu, wajen 692.

Wanda zai soma, ya soma da ƙananan tagulla na zamanin Kostantin da 'ya'yansa. Su ne mafi araha, gama an buga su miliyoyi, rubutunsu kuma ba wuya. A ƙasan hoton baya akwai haruffan garin da aka buga: CONS na Kustantiniya, ANT na Antakiya, ALE na Iskandariya ta Masar. IMP mai nasarar yaƙi ne, AVG Augustas, COS babban muƙamin shekara-shekara, P P uban ƙasa. In an ga TR P da lamba a bayansa, lambar tana ƙidaya shekarun ikon sarki, da ita kuma a ke gane shekarar bugu. Romawa ba su ƙidaya shekara daga haihuwar Kristi ba, wani malamin zuhudu mai suna Diyonisiyas ne ya tsara wannan lissafi a 525.

Kayan aikin ba su da yawa: madubin ƙara girma, ƙaramin ma'auni mai nuna giram, ambulan na takarda, da littafin rubuta inda kowane kuɗi ya fito. A nisanta su da leda mai taushi da laimar damina. In kore mai gari-gari ya tsiro a jikin tagulla, ciwo ne mai ci, sai a ware shi daga sauran. Amma kore ko baƙi mai santsi wanda ya kama jiki shi ne rigar da shekaru suka saka masa. Ni da kaina na yi wautar goge na farkon da aka ba ni da toka da lemun tsami, kamar yadda a ke wanke tukunya. Ya yi ƙyalli, rabin sunan sarkin kuwa ya tafi tare da dattin.

Jabu, sata, da laya

Da guduma a ke buga kuɗin Romawa. A kan sa guntun ƙarfe tsakanin hatimi biyu, ɗaya a kan uwar maƙera, ɗaya a hannu, a sauke masa duka. Saboda haka ba safai a kan sami biyu da suka yi daidai a kewaye da tsagewar baki ba. In mai talla ya baje maka goma, dukansu kamar an tsaga kara, to, zubi ne. Na zubi ya kan nuna layin haɗi a gefe, da ƙananan ramuka kamar na ƙuraje, haruffansa a dakushe, nauyinsa kuma ya kan kasa. Jabu ba sabon abu ba ne. Tun zamanin Romawa akwai masu lulluɓe jan ƙarfe da azurfa, a bayansu kuma aka yi gwanaye irin su Karl Beka na Jamus (1772-1830), wanda aikinsa ya ruɗi masana. Mafarin kiyaye kai shi ne a saya daga wanda zai ba da takarda, ya kuma yarda a mayar masa in abin ya fito jabu.

Akwai abin da ya fi jabu nauyi a kan lamirin mai bi. Kuɗi da yawa da ke kasuwa ɓarayi ne suka tono su da dare a kufai, suka ɓata abin da ƙasa za ta koya wa masu bincike. Ku gwada labari biyu. A 2010 wani mutum ya sami tulu binne a gona kusa da garin Furom a Ingila. Ya daina haƙa, ya kira hukuma, masana suka kwashe shi hawa-hawa, aka ƙidaya kuɗi 52,503, yanzu suna gidan tarihi inda kowa zai gani. A 2020 kuwa aka yi gwanjon wani kuɗin zinariya a Landan, wanda Burutus ya buga a shekara ta 42 kafin haihuwar Kristi da hoton wuƙaƙe biyu domin tunawa da kisan Yuliyas Kaisar. An saye shi fiye da fam miliyan 3. Daga baya aka gane takardun asalinsa na ƙarya ne, a 2023 aka mayar da shi ƙasar Girka. Mai zuwa ziyara ya sani a Isra'ila sai mai lasisi ke da ikon sayar da kayan tarihi, fita da su kuma sai da izinin hukuma. Ya tambayi takardar kafin ya kwance bakin jaka.

Na ga kuma wanda ya ɗinke aninin gwauruwa a fata ya rataya wa ɗansa. Wannan laya ce, ko da daga Urushalima ta zo. Ba wanda zai iya nuna cewa hannun Yesu ko na wani manzo ya taɓa wani kuɗi da ke kasuwa yau, in ma ya taɓa, tagulla ce. Ku tuna abin da sarki Hezekiya ya yi da macijin tagulla na Musa sa'ad da jama'a suka fara ƙona masa turare (2 Sarakuna 18:4).

Ga mai bi da darasi

Ba lalle sai an sami dinari ba. A roƙi tsofaffin ekklisiya su kawo kwabo mai huji, ko sule mai kan sarkin Ingila, ko kwabon farko na zamanin naira wanda ya fito a 1973. A ba kowa ya juya, ya karanta rubutun, ya faɗi wanda ya buga, da abin da ya ke so a ɗauke shi. Sa'an nan a sake karanta Matta 22, a tattauna waɗannan:

1. Me ya sa Yesu ya nemi a kawo dinarin, maimakon ya amsa kai tsaye? Wace amsa Farisawa su ke jira, wace kuma mutanen Hirudus?

2. Romawa 13:6-7 da Ayyukan Manzanni 5:29 suna cikin Littafi ɗaya. A wane irin hali ne mai bi zai biya Kaisar, a wane kuma zai ƙi shi?

3. Wani ɗan'uwa ya komo daga ziyara yana nuna wa jama'a kuɗi, yana cewa ɗaya ne daga cikin talatin na Yahuda, ya kuwa biya da yawa. Ka duba ka ga layin zubi a gefensa. Ƙaƙa za ka faɗa masa, a gaban wa kuma?